Gurasar Siminti ta Usta Yodgor

A wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsu, tafiyar awa guda daga birnin Osh, an yi wani mai sassaƙa da ake kira Yodgor. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ka ba shi yumɓu ko dutse ko siminti, sai ya fitar maka da abin da za ka tsaya kallo har shayinka ya huce. Aibinsa guda ne, amma aibin ya kai girman tanderu: Yodgor bai taɓa yarda akwai mai abin da zai gaya masa ba. Idan ana yabonsa, kunnuwansa biyu a buɗe suke. Idan aka fara ba shi shawara, sai ka ga yana duba faratansa.

Ana yawan ba da labarin nan a garinmu, kuma ana ɓata shi. 'Yan gidan shayi sun cika masa gishiri, malaman makaranta kuwa sun wanke gishirin duka. Ni aka bari da wahalar gyarawa, kamar kullum, kuma ba mai cewa sannu.

Wata ƙorama ce ta ratsa garin, ruwanta daga ƙanƙarar kan dutse yake saukowa, ko da tsakar rani sai ya sa haƙori tsami. Gefen gabas unguwar ƙabilar Uzbek, gefen yamma unguwar ƙabilar Kirgiz. A gabas aka haifi Yodgor, a gidan masu gasa gurasa. Tun yana ƙarami yake satar ƙullun mahaifiyarsa yana ƙera jakuna da tantabaru, ita kuma tana murɗe masa kunne. Daga nan aka laƙaba masa suna Ƙullu, sunan kuwa ya zauna daram.

A wancan zamanin wani faffaɗan katako ne gadar ƙoramar, kuma ba wanda ya taɓa tambayar na wace unguwa ne. Yara kan ɗauko busasshiyar gurasa su je can sama su sake ta a ruwa, su biyo ta da gudu, su cafke ta a ƙasa bayan ta jiƙa ta yi laushi ta yi sanyi. Wanda bai ci wannan ba bai san rani ba, kuma ina tausaya wa yaran yanzu da alewarsu ta cikin leda. Yodgor shi ke sakin gurasa daga gabas. Abokinsa Toktosun, wani ɗan Kirgiz mai dogayen ƙafafu, shi ke cafkewa daga yamma. Sai su raba biyu, kowa yana rantsuwa an cuce shi.

Da ya kai shekara goma sha bakwai Yodgor ya tafi birnin Tashkent koyon sassaƙa, daga can ya wuce wasu biranen masu nisa. Shekara talatin bai dawo ba sai don jana'iza. Yana can aka yi shekarar nan da rikici ya ɓarke tsakanin unguwannin biyu har gari ya kama da wuta, wadda har yau ba mu son kiran sunanta. Bayan hayaƙi ya lafa, aka wayi gari babu katakon. Ba wanda ya ce shi ya ɗauke, ba kuma wanda ya mayar. Yaran da aka haifa bayan nan ba su san sakin gurasa a ruwa ba. Abin da suka iya shi ne jifan juna da tsakuwa daga gefe zuwa gefe, da zagin da suka ji a bakin manya.

A cikin wannan hali Yodgor ya dawo gida, da hula mai faɗi da jan ƙyalle a wuya ko ana zafi, da wasu takalma ruwan ɗorawa masu ƙyalli. Ya buga 'yan katuna masu ɗauke da sunan Usta Yodgor. Usta kuwa ba a kiran mutum da shi sai gwanin da jama'a suka sallama wa. Ya raba katunan a kasuwa. Mutane suka karɓa da hannu biyu, suka ce, "Sannu da zuwa, Ƙullu. Ka yi ƙiba."

Wannan abu ya tsaya masa a rai. Birane sun tafa masa, amma abin da yake so a duniya shi ne ya ji bakin 'yan garinsu ya kira shi Usta.

Dama ta zo masa ta hannun Toktosun, wanda a lokacin ya zama hedimasta, ya yi furfura amma ƙafafun na nan yadda suke. Kwamitin gari ya yanke shawarar a yi wani aikin fasaha a bakin ƙoramar, abin da zai jawo yaran unguwannin biyu su yi wasa tare, aka kuma ɗora wa Toktosun nemo mai yi. Ya sami Yodgor a gidan shayi.

"Ƙullu, aiki na kawo maka."

"Idan da Usta Yodgor kake magana, yana saurare."

"To ka gaya masa. Ka kuma gaya masa ina so ya zo makaranta ya zauna da yara kwana biyu, su zana masa abin da suke so."

Yodgor ya duba faratansa. "Toktosun, idan za a yi maka aikin ido, kakan ce likita ya fara shawara da 'yan aji uku?"

"Idon nasu ne ai."

"Za su gani ranar buɗewa, kamar kowa."

Toktosun ya jujjuya kofin shayinsa. "Ko jikata Nurzat kaɗai ka bari ta leƙa. Shekararta tara, amma bakinta ya fi na kwamiti gaskiya."

"Kai ma ba za ka leƙa ba, balle jikarka."

Abin da kwamiti ya ji kawai shi ne za a yi duwatsun tsallake ƙorama masu ɗauke da zanen unguwannin biyu. Suka ce madalla.

Dabarar da ke kansa kuwa, in za a faɗi gaskiya, mai kyau ce. Kowane mai gasa gurasa a garinmu yana da ɗan hatiminsa na ƙusoshi da yake dannawa a tsakiyar gurasa kafin ta shiga tanderu, kowane gida da zanensa. Yodgor ya bi gidaje yana kwafar zanen, shida daga gabas, shida daga yamma. Zai yi gurasa goma sha biyu ta siminti, kowace faɗin faranti babba, a jera su a kan gajerun ginshiƙai daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kowace za ta zauna a kan turken ƙarfe, don a iya cire ta kafin ƙanƙarar hunturu ta fasa ta. Yara su tsallaka a kai su haɗu a tsakiya.

Da farko abin bai yi kama da gurasa ba. Wasu faya-fayen siminti ne masu launin toka, kuma da an bar su haka, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma wata rana ya kawo hoton guda gidan shayi yana nunawa a ɓoye, sai wani ya ce, "Wannan ai murfin kwalbati ne." Yodgor bai ƙarasa shayinsa ba. Ya koma ya rufe ƙofa wata biyu yana haɗa fenti, sai da gefen ya yi ja-ja kamar wanda wuta ta lasa, tsakiyar ta yi fari-fari, har da 'yar ƙuna a gefe guda. Wani mutum mai basira da kyakkyawan gashin baki, wanda kunya ba za ta bar ni in faɗi sunansa ba, ya ba shi shawarar ya yayyafa ƙananan fararen tsakuwa a kai su zama riɗi. Wannan ce shawara ɗaya tak da Yodgor ya taɓa karɓa a rayuwarsa, kuma har yau wasu marasa adalci suna ɗora wa mutumin nan laifi.

Ranar da ya shanya su a tsakar gida, tsuntsaye suka sauko suna saran riɗin. Yodgor ya tsaya yana kallo, hawaye ya cika masa ido don jin daɗi.

A haka yayarsa Salomat ta same shi. Ita ta gaji tanderun mahaifiyarsu, hannayenta duk tabon wuta har gwiwa. Ta shigo da gurasar safe a ƙunshe cikin ƙyalle, ta ga goma sha biyu a shimfiɗe a ƙasa, har ta sunkuya za ta ɗauka kafin ta gane.

"Ƙullu, mene ne wannan?"

"Opa," ya ce, don haka muke kiran yaya mace, "sunana Usta."

"Usta Ƙullu, mene ne wannan?"

"Gada ce."

"Wa zai taka?"

"Yara."

"Yaran wa? Wace uwa ce ta haifi yaron da zai ɗora ƙafa a kan gurasa?" Ta ajiye ƙunshinta a kan tebur, fuskar gurasa na kallon sama yadda ya kamata. "Ka manta Inna? Ko ɓarɓashi ta gani a hanya sai ta ɗauka ta sumbata ta kai goshi, ta ɗora a kan katanga don tsuntsaye. Rannan da ka kifa gurasa a kan tabarma, kunnenka na hagu bai gaya maka komai ba?"

"Opa, wannan siminti ne. Ba gurasa ba ce."

"To me ya sa ka sa masa riɗi?"

Yodgor ya duba faratansa. Ya ce mata fasaha ba sana'ar tanderu ba ce, kuma a biranen da ya zauna mutane sun san bambancin abu da hotonsa. Salomat ta ce to Allah ya ba birane lafiya, ta tafi.

Leburorin da ya ɗauka sun kafa ginshiƙai a cikin ruwa ba gardama. Da aka zo ɗora gurasar, sai dukkansu suka tuna suna da ciwon baya. Ko wannan bai sa ya yi tunani ba. Ya kewaye wurin da tamfol, ya riƙa turo su da baro ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora da kansa yana nishi. A bakin gaɓa ya kafa sanda, ya maƙala mata allon tagulla da aka rubuta USTA YODGOR da manyan baƙaƙe.

Ranar buɗewa ta faɗo a farkon rani, da hantsi. An dafa shinkafa da karas da kitsen rago a babbar tukunya. Unguwar gabas ta tsaya a gabas, ta yamma a yamma, kowa yana yi kamar bai ga na tsallake ba. An jera yara cikin fararen riguna, layi guda a kowace gaɓa. Salomat ma ta zo da tiren gurasa, don ƙane ƙane ne.

Aka janye tamfol.

Rana ta haska gurasa goma sha biyu a kan ruwa, sai ka ce yanzu aka zaro su daga tanderu. Jama'a suka ja numfashi tare. Wata mata daga yamma ta nuna ta huɗu ta ce wannan zanen kakarta ne. Wani tsoho mai farin gemu daga gabas, wanda bai taɓa yabon kowa ba tun da aka haife ni, ya girgiza kai ya ce, "Wannan hannun Usta ne." Na kusa da shi suka maimaita. Yodgor ya ji kalmar sau uku da kunnensa. Ya gyara jan ƙyallensa, ya ji kamar ya ƙara tsawo.

Sai ya ce da Toktosun ya busa usur, yara su tsallaka.

Toktosun ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya kalli abokinsa. "Tsallakawa a kan me?"

"Busa kawai."

Ya busa. Ba yaron da ya motsa.

Nurzat ce a gaban layin yamma, da kitso biyu da farin ƙyalle. Ta matsa bakin gaɓa, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a sama, ta mayar da ita. Ta waiwayo ta ce, "Kaka, gurasa ce fa."

Yodgor ya yi dariya irin ta manya. Ya ce siminti ne, 'yata. Ya ƙwanƙwasa ta farko da sanda don su ji ƙara. Ya ce wanda ya fara tsallakawa yana da alewa. Yaran gabas suka kalli iyayensu, na yamma suka kalli nasu, kuma a karo na farko cikin shekaru fuskokin gaɓa biyun suka zama iri ɗaya.

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. Ya ce, "To ku kalla ku koya." Ya ɗora takalminsa ruwan ɗorawa a kan gurasar farko, ya wuce ta biyu, ta uku, har ya kai tsakiya. Ya buga ƙafa sau biyu don a ga ƙarfin aikin, ya juyo ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Ba abin da ake ji sai ruwa. Mata suka rufe baki da gefen mayafi. Salomat ta ɗauki tirenta ta juya ta kama hanyar gida, ba ta waiwayo ba. Tsohon nan mai farin gemu ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Na janye maganata."

Yodgor ya sauke hannuwansa. Ya kalli ƙasa, ya ga shatin takalminsa a kan zanen da ke ƙarƙashin ƙafarsa, sai a lokacin ya gane zanen. Na mahaifiyarsa ne, furen nan mai ganye takwas. Ya duba gaba, gurasa. Ya duba baya, gurasa. Ko ta ina zai fita sai ya sake takawa. Ya tsaya jim, sannan ya sauka cikin ruwan ƙanƙara da takalmansa da wandonsa, ya ratsa ya hau gaɓa yana rawar sanyi. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi.

Nurzat ta cire takalmanta ta shiga ruwa. Ta je ga gurasar da aka buga wa ƙafa, ta cire farin ƙyallenta ta goge shatin. Ta sa hannu biyu za ta ɗaga, abin ya fi ƙarfinta. Ta ɗaga kai ta hangi wani yaro a gaɓar gabas, wanda ko sati ba a yi ba da ta fasa masa goshi da tsakuwa.

"Kai mai kunnen tulu, tsayawa za ka yi kana kallo?"

"Wa kike ce wa mai kunnen tulu, 'yar akuya?"

"Kai. Zo ka kama nan."

Ya zo. Su biyu ma ba su iya ba, sai da wasu biyu suka shigo. Da suka zare ta daga turken, ba su iya kai ta goshi ba saboda nauyi, sai suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya suka kai goshinsu gare ta. Kafin ka ce me, ƙoramar ta cika da yara, fararen riguna sun jiƙe, huɗu-huɗu a kan kowace gurasa, ana zagin juna ana cewa ɗaga ta wajenka. Suka fito da su duka, suka ɗora shida a kan katangar da ke bakin gaɓar gabas, shida a kan ta yamma. Manya suka taya su kaiwa sama. Ba wanda ya tsaya duba zane, shi ya sa har yau zanen kakar matar nan ta yamma yana kan katangar Uzbek, furen mahaifiyar Yodgor kuma yana kan ta Kirgiz.

Da la'asar Toktosun ya sa aka ciro wasu tsofaffin ƙyamare biyu daga ɗakin ajiyar makaranta, aka shimfiɗa su a kan ginshiƙan. Ya wuce ta gefen Yodgor, wanda ke zaune yana matse safarsa, ya ce, "Ginshiƙanka dai sun yi kyau."

Daga ranar sunan Ƙullu ya ɓace, wani ya maye gurbinsa: Mai Taka Gurasa. Ba wanda ya sake ba shi aiki a garin, ko na dutsen kabari. Kwana arba'in Salomat ba ta aika masa da gurasar safe ba, sai burodin kanti yake ci, mai ɗanɗanon auduga. Allon tagullar nan ya daɗe a kan sandarsa yana nuna ƙyamaren makaranta, har wata rana Salomat ta cire shi. Daidai yake da ramin iskar tanderunta, sai ta mayar da shi murfi, kuma ta ce bai taɓa yin tsatsa ba. Baƙi kan zo yanzu daga nesa su ɗauki hoton katangun biyu da yaran da ke gudu a kan ƙyamaren. Idan suka tambayi wanda ya yi aikin, sai a ce musu yaran gari ne.

Shekaru sun wuce. Yodgor ya daina ɗaura jan ƙyalle, hular ma asu ya cinye ta. Wata rana da rani yana zaune shi kaɗai a gaɓar gabas, ƙafafunsa cikin ruwa, sai ya hangi Toktosun can sama a gaɓar yamma, ya yi ritaya, yana dogara sanda. Tsohon ya ciro rabin busasshiyar gurasa daga aljihu, ya sunkuya da ƙyar ya sake ta a ruwa.

"Kama, Ƙullu."

Yodgor bai ce sunansa Usta ba. Ya miƙa hannu ya cafke ta. Ya raba biyu, ya taka ƙyamaren ya kai wa abokinsa nasa rabon.

"Naka ya fi girma," in ji Toktosun.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta isa ta sa mutum ya toshe kunnensa. Yodgor yana da hannu, yana da kyakkyawar niyya, kuma abin da aka nema ya samu, amma girman kai ya hana shi cin moriyarsa. Abokinsa ya ce ya tambayi yara, ya ƙi. Yayarsa ta tuna masa abin da ya sani tun yana goye, ya raina ta. Duk wanda zai yi wa mutane aiki, ya fara zama da su, ya san abin da suke ɗagawa sama da abin da ba za su taɓa takawa ba. Wanda ya yi aiki don a kira sunansa, yakan rasa har sunan da yake da shi. Mu kuma manya, mu lura: yaran nan ba siminti ne ya haɗa su ba. Abin da iyayensu mata suka koya musu ne a gaɓa biyun, iri ɗaya, tun kafin mu koya musu jifa.